A Daina Koyar Da Kwamfuta Da Alli

Ya ku 'yan'uwa mazauna kurmi, ku da kuke Agege da Idi-Araba da Obalende, da Sabon Badun da na Shagamu, da Fatakwal da Anacha da Inugu, maganar yau taku ce, domin kuwa ku ne masu biya. A cikinku akwai mai sauke doya a kasuwar Mil 12, akwai mahauci, akwai mai gadi, akwai direban tirela mai kwana a bakin tashar Apapa yana jiran layi. Kun ƙi yarda 'ya'yanku su gaji wahalar da kuka sha, kuka aika da su gida karatu, waɗansu kuwa Lafiyar Barebari suka nufa, aka ce za su koyi ilmin kwamfuta. Duk zangon karatu kuna tura kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci. To, wane ne a cikinku ya taɓa tambayar yaronsa awa nawa ya zauna gaban na'urar nan a mako?

Lafiya ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka yanke jihar daga Filato. Garin da aka sani da doya da riɗi da shinkafa, da tashar jirgin ƙasa a kan hanyar Makurɗi zuwa Kafanchan, yau ya zama garin ɗalibai. Akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda aka kafa a 2011, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, wanda ya rasu a 2019, kuma dukansu biyu suna koyar da ilmin kwamfuta. Makarantu ne masu ƙuruciya in aka gwada su da na Zariya da Badun da Nsukka. Wannan ƙuruciya ita ce ta sa muka tsaya a kansu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu dalilin da zai sa su gaji cutar da ta daɗe tana cin manyan makarantun ƙasar nan.

Cutar kuwa ita ce dokar aji mai ido ɗaya. Duk inda aka shiga a manyan makarantunmu, abin da ake karanta wa ɗalibi a ranar farko kusan iri ɗaya ne. Sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. In malami ya riga shi shiga aji, ya tsaya waje. Kada a ga waya a hannunsa. Aikin gida in ya wuce ranarsa ba a karɓa. Galibi kashi 30 na maki daga gwaje-gwajen cikin zango yake, kashi 70 daga jarrabawar ƙarshe. Ba mu da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan, makaranta ba ta zama makaranta sai da horo. Abin da muke ƙi shi ne a ce duk dokar a kan yaro ta sauka, babu layi ɗaya da ya ɗaure malami, babu layi ɗaya da ya ɗaure hukumar makaranta. Zangon karatu mako 15 ne. In malami ya zo mako 8 kawai, ya haɗa sauran a rana biyu ana gab da jarrabawa, kashi 75 na mene ne za a ƙirga wa ɗalibi? Wa ke riƙe da littafin da ake rubuta zuwan malami, kuma wa ya taɓa ganinsa?

Bari mu shiga lissafi, domin 'yan kasuwa ne masu karanta wannan shafi, lissafi kuwa ba ya ba su tsoro. Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ana auna nauyin kowane darasi da ma'auni. Ma'auni ɗaya shi ne lacca ta awa 1 a mako har mako 15, ko kuwa aikin hannu na awa 3 a mako, watau awa 45 a zango. Saboda haka darasin da aka rubuta masa ma'auni ɗaya na aikin hannu, makaranta ta ɗauki alkawarin zaunar da kowane ɗalibi awa 45 gaban na'ura. A ƙaddara aji yana da ɗalibai 300, ɗakin kwamfuta kuwa yana da na'ura 30 masu aiki. Ɗalibi 300 sau awa 45 ya ba da awa 13,500. A raba wa na'ura 30, kowace ta ɗauki awa 450 a zango, watau awa 30 a mako, awa 6 kullum daga Litinin zuwa Jumma'a. Darasi ɗaya tak ya cinye ɗakin ke nan, ba a zo kan 'yan aji biyu da uku da huɗu ba, ba a zo kan ɗaliban sauran sassa da su ma aka wajabta wa darasin share fage na kwamfuta ba, ba a kuma cire ranar da wuta ta ɗauke ba. Duk makarantar da ta ɗauki ɗalibai fiye da abin da na'urorinta za su iya, ta san tun ranar ɗauka cewa ba za ta cika alkawarin ba. A kasuwa, wanda ya karɓi kuɗin buhu 10 ya auna maka 3, an san sunan da ake kiransa da shi.

Sai me ke faruwa? Sai a koma ga alli. Malami ya tsaya ya rubuta furogiram a jikin allo, watau jerin umarnin da ake ba na'ura, yara su kwafe a littafi, su haddace, ran jarrabawa su juye a takarda, a ba su maki. Wanda bai san aikin ba zai ce ai an koya. Ba a koya ba, ga kuwa dalili. Kwamfuta ba ta da kara, ba ta kuma fahimtar nufi. In aka rubuta mata umarni a harshen C ko Java aka manta waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layi, sai ta ƙi aikin ɗungum, ta fito da saƙon kuskure. In a harshen Python ne aka goce wajen barin fili a farkon layi, haka nan. Koyon wannan sana'a yana cikin abin da ke biyo bayan saƙon nan ne: yaro ya karanta shi, ya nemo inda ya ɓata, ya gyara, ya sake gwadawa, na'ura ta sake ƙi, ya sake nema, har sau ashirin in ta kama, sa'an nan abu ya tashi. Akwai ma kuskuren da ya fi wannan muni, wanda na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ba da amsar da ba daidai ba, kuma ba mai gane shi sai wanda ya saba gwada aikinsa da misalai iri iri. Takarda ba ta mai da martani. Duk abin da aka rubuta mata ta karɓa. Wanda ya yi shekara huɗu yana rubuta furogiram a takarda kamar wanda ya koyi tuƙi ne a zaune kan tabarma, ya san sunan birki da giya, amma kada ka shiga motarsa.

Ku mazauna Ikko kun san kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ku je ku tsaya a titin Otigba ku kalli yaran da ke koyon gyara a can. Ba su da allo, ba su da lacca, waɗansu ko sakandare ba su gama ba, amma kullum hannunsu yana cikin na'ura, ubangidansu yana kansu, in suka ɓata ya ga ɓarnar nan take. Bayan shekara biyu ko uku yaro ya iya abin da zai ci abinci da shi. Ba muna cewa ɗan jami'a ya zama mai gyaran waya ba ne, ilminsa ya fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Muna cewa abin kunya ne a ce rumfar kasuwa ta fi makarantar gwamnati sanin cewa sana'ar hannu da hannu ake koyonta. Ana ganin sakamakon a lokacin da ɗalibai suka fita neman sanin aiki a kamfanoni, shirin da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ɓullo da shi tun shekarun 1970. Yaro ya zo Ikko da takardar makaranta, a zaunar da shi gaban na'ura, ya rasa ta inda zai fara, sai a mai da shi ɗan aike.

Mun san amsar da za a ba mu, domin an daɗe ana ba da ita: babu kuɗi, babu wuta. Akwai gaskiya a ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 tayar da janareta ya zama aiki, a watan Afrilu 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane kilowat a awa, makarantu da yawa suka koka. Amma fa a nan ma a yi lissafi. Laftof na talaka galibi ba ya cin wutar da ta wuce wat 65. Guda 30 ba su kai wat 2,000 ba, watau abin da dutsen guga biyu ke ci, ko abin da bai kai cin iyakwandishan biyu a ofishin babba ba. Faifan sola kaɗan da batura sun isa su riƙe irin wannan ɗaki da rana, rana kuwa ba ita Lafiya ta rasa ba. Ban da haka, a 2022 an buɗe babbar tashar rarraba wuta a Akurba, nan gefen gari. Akwai kuma asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilmi ta 1993, aka sake masa fasali a 2011, aikinsa ke nan gina ɗakunan karatu da sayen kayan aiki. Matsalar ita ce abin da ake sa wa gaba. Ƙofar shiga mai ado da ginin hukuma mai benaye suna fita a hoto ranar buɗewa, albashin ma'aikacin da zai buɗe ɗakin kwamfuta har ƙarfe 10 na dare ba ya fita a hoto. Kuma sau nawa aka sayi na'urori aka jera, aka rufe su da leda, aka kulle ɗaki, ba a buɗewa sai ranar da masu tantance kwas za su zo daga Abuja ko Kaduna?

Kada wani ya ce abin sabo ne, a ba shi lokaci. Tun 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. Yaran da aka haifa a shekarar sun haifi nasu. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Ashe ke nan yaro da kwamfuta ya shiga jami'a, sa'an nan ya tarar ana koya masa kwamfuta da alli! A watan Disamba 2022 NUC ta fito da sabon tsarin karatu, ta ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsaron intanet da ƙera manhaja da nazarin bayanai, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A 2024 Hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar difloma ta kwamfuta gida huɗu, har da ƙirƙirarriyar basira a ciki. Sunaye masu daɗi duka. Amma sauya suna a takarda ba ya ƙara na'ura ko ɗaya a ɗaki, kuma wanda zai koyi tsaron intanet a jikin allo ya fi wanda ya koyi FORTRAN a jikin allo zama abin tausayi.

Akwai malaman da za su ce jami'a ba wurin koyon danna madannai ba ce, wurin koyon tushe ne, watau lissafi da dabarun warware matsala da yadda ake tsara bayanai. Wannan magana ce ta masu ilmi, mun kuwa yarda da rabinta. Harsunan kwamfuta suna zuwa suna wucewa, COBOL da Pascal sun yi zamaninsu a azuzuwa, tushe shi ke zama. Sai dai tushen da ba a taɓa ɗora masa gini ba, ba a san ƙarfinsa ba. Ɗalibi ba ya gane dalilin da ya sa wata dabarar jera lambobi ta fi wata sauri sai ya gwada su biyun a kan lambobi dubu ɗari ya ga ɗaya ta gama nan da nan, ɗaya tana ta jan ƙafa. Da yawa daga masu fakewa da tushe, in aka bincika, littafin da aka koya musu da shi suke karantowa.

Dokar hana waya ma tana bukatar a sake dubanta. A lacca, a kashe ta, babu gardama. Amma ga yawancin 'ya'yan talakawa, wayar nan ita ce kaɗai kwamfutar da suka mallaka, kuma ana iya rubuta Python a gwada shi a kan wayar Android ta talaka. Malamin da ba shi da na'urar da zai ba yara, ya kuma hana su wadda ke aljihunsu, bai kare tarbiyya ba, kansa ya kare. Batun tilasta sayen takardun malami kuwa, wanda makarantu da dama suka hana a hukumance, ba sai mun daɗe a kansa ba: duk inda ake rubuta sunan wanda ya saya, to maki ake sayarwa.

Yanzu sai mu juyo kan yaranmu, domin su ma suna da kaso mai tsoka a cikin laifin. Waɗansu sun zaɓi wannan fanni ne don sun ji ana cewa akwai kuɗi a ciki, sai suka tarar da Lissafi da Fiziks suna jiransu a bakin ƙofa, gwiwa ta yi sanyi. Waɗansu sun ɗauka karatun kwamfuta shi ne buga takardu da buɗe Facebook. Akwai kuma waɗanda idonsu yana kan 'yan damfarar intanet, alhali kuwa dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana nan, hukumar EFCC ma ba barci take ba. Aikin gida guda ɗaya, mutum ɗaya ya yi, arba'in su kwafe har da kuskurensa. Aikin bincike na shekarar ƙarshe, wanda shi ne zakaran gwajin dafi, a je shago a saya, a sauya suna a bango. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba 2022 ma ba sai an je shago ba, na'ura za ta rubuta maka aikin cikin daƙiƙa kaɗan. Kuɗin da uba ya tara a rana da ruwan saman Ikko, shi ake biyan wannan yaudara da shi.

Tsananin hukunci bai taɓa maganin wannan ba. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, aka zo aka yi wata dokar a 1999, satar ba ta mutu ba. Maganin yana hannun malami, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi. Duk wanda ya kawo furogiram, a zaunar da shi gaban na'ura minti biyar, a ce ya bayyana abin da wannan layin yake yi, a ce ya sauya kaza ya koma kaza. Wanda ya yi da kansa zai yi yana murmushi, ko da ya nemi taimakon na'ura a hanya, wanda ya saya kuwa zufa za ta tona shi. Saboda haka muke cewa a darussan rubuta furogiram a juya rabon maki, kaso mafi girma ya koma ga abin da aka yi gaban na'ura a idon malami. Ranar da ɗalibai suka tabbata haka za a auna su, su da kansu za su yi cincirindo a ƙofar ɗakin kwamfuta suna neman a buɗe.

Abin da muke nema ga hukumomin makarantun Lafiya bai fi ƙarfinsu ba. A makon farko na kowane zango a ba kowane ɗalibi takarda ɗaya a rubuce, da sa hannun malami da na shugaban sashe. Ta faɗi abin da za a koya mako mako, da ranar kowane gwaji, da rabon maki, da hukuncin kwafe, da iyakar taimakon da aka yarda a nema daga ChatGPT da ire-irensa. Ta kuma faɗi awa nawa ɗalibi zai samu gaban na'ura da ranakun, da lokacin da malami zai zauna a ofis don masu tambaya, da ranar da za a mai da takardun gwaji da gyara a jiki, da ofishin da ɗalibi zai kai ƙara in malami ya yi mako biyu bai zo ba, ba tare da an kayar da shi a jarrabawa don ramuwa ba. In yajin aiki ya ci zango, kamar na malaman jami'o'i da ya ɗauki wata 8 a 2022, a faɗa a fili yadda za a biya awannin aikin hannu, kada a shafe su a yi shiru. Gwamna Abdullahi Sule injiniya ne, ya san bambancin wanda ya karanta inji da wanda ya taɓa shi, kwalejin jiha kuwa a ƙarƙashin gwamnatinsa take.

Ku kuma iyaye, nisa ba uzuri ba ne yanzu da kowa ke da waya. In yaro ya zo hutu, kada ku tsaya a kan takardar sakamako, ku ce ya buɗe na'ura ya nuna muku abin da ya ƙera da hannunsa, ko da ɗan shirin lissafin bashin shago ne. In akwai hali, laftof na hannu daga Ikeja ya fi masa amfani bisa sabuwar waya mai tsada, in babu hali a haɗa kuɗi yara biyu ko uku su yi tarayya. Ƙungiyoyinku na 'yan asalin Nasarawa da sarakunan Hausawa na unguwanninku suna iya rubuta wa shugabannin makarantun nan wasiƙa kafin ɗaukar ɗalibai na gaba, su nemi a ba su lambobi uku: ɗalibai nawa ne a sashen kwamfuta, na'ura nawa ke aiki a yau, kuma awa nawa ɗakin yake a buɗe a mako. In amsa ta zo, ku aiko mana da ita, za mu buga ta a wannan shafi yadda take.